Sunan Wada Mai Gizago

Mahaifina masassaƙi ne. Bari in faɗa tun a layin farko, tunda na taɓa kasa faɗa a inda ya kamata. Sunansa Wada, ana ce masa Wada Mai Gizago. Na san ba a kama sunan uba gatsau haka, amma ku yi mini uzuri, in kun ji labarin za ku gane dalili. Yana zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Kwaya, irin ƙauyen da in moto ta shigo har kaji sai sun fito kallo. Turmi, taɓarya, akushi, muciya, ƙotar fartanya, da wuya ka shiga gida a yankinmu ba ka tarar da aikin hannunsa ba.

Ni ne ɗansa na fari, Rabilu. Baba kuwa mutumin da ne, kunyar ɗan fari ya riƙe ta da gaske. Na shekara arba'in da 'yan kai ban taɓa jin sunana ya fito daga bakinsa ba. In yana nemana, sai ya ce wa ƙanina, "Ce wa wancan ya zo." In babu kowa a kusa, da turmin da yake fafewa yake magana. Sai ka ji yana sara yana cewa, "To, wani dai ya tashi bai karya ba, ga kunu can yana hucewa." Ni kuma in sunkuyar da kai in je in sha kunun. Ina yaro abin yana ba ni haushi ƙwarai, don ina jin yadda yake ƙwala wa ƙannena kira da sunansu. Wata rana na kai ƙara wajen Gwaggo Ɗela, ƙanwarsa, wadda ita ta goye ni. Ta dungure mini kai ta ce, "Kai sakarai, wanda ake ɓoye sunansa ai shi ne na cikin rai."

Ina da shekara tara aka yi abin da ya canja wa Baba suna. A wancan zamani itace na gwamnati ne, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Baba ya sari kirya guda ba tare da takarda ba, don an ba shi aikin turmi, kuma kowa ya san turmin kirya shi ne turmi, gara ba ta cinsa, har gadonsa ake yi. Wani ya kai tsegumi. Ranar kasuwar Magariya muna zaune gaban kayanmu, sai ga wani ma'aikacin daji, irin waɗanda muke kira sarkin daji, da mutum biyu a bayansa. Tara kaɗai ba ta ishe shi ba. Ya sa aka ɗauki gungumen kiryar da Baba bai gama fafewa ba, aka ɗaure da igiya, aka rataya masa a wuya. Haka aka zaga da shi kasuwa, daga 'yan hatsi har turken dabbobi, yana tallafe da gungumen da hannu biyu, yara na binsa da ihu. Ni kuwa na shige bayan buhunan gyaɗa na lafe, ban fito ba sai la'asar.

Daga ranar Mai Gizago ya koma Mai Gungume. A gaban idonsa ba a faɗa, amma da ya ba da baya ake faɗa. Shi kuma bai sake taka Magariya ba. Kayansa sai ya ɗora a amalanke ya kai Sassumbrum ko Dungas, ko da ya fi nisa. Ko ciwo ne ya kama shi, gara ya sha sassaƙe ya kwanta da ya je asibitin can. A lakwal, wato makarantar boko, yara suka sa mini "ɗan Mai Gungume", na yi dambe a kai har na gaji. Na yi wa kaina alkawari zan yi karatun da zai nisanta ni da gizago da warin ɗanyen itace. Na kuwa yi. Na je Damagaram, na dawo malamin ilimin halittu, aka turo ni kolejin da ke kusa da gida, ina yawo da jakar hannu da biro biyu a aljihun gaba.

Abin da Baba ya yi a shekarun nan, ni ban ma lura ba sai da na girma. A da, gonar kirki ita ce wadda aka share tas kamar tsakar gida. Shi kuwa sai ya daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture. Ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya rage sauran, ya gyara musu rassa. Mutane suka ce gonar rago, wasu suka ce tsoron sarkin daji ne ya taɓa masa kai. Shi dai ya ci gaba da abinsa. Irin kirya kuwa a cikin kashin shanu yake tsintowa a mashekarin Fulani, don ya ce wanda ya ratsa cikin saniya ya fi saurin tsirowa. Yau in ka tsaya a gonar za ka ga gawo da kalgo da aduwa da danya, da kirya jere a kan iyaka, gero yana yin kai a ƙarƙashin gawon fiye da ko'ina. Waɗanda suka ce masa rago duk yanzu haka suke yi, kuma kowa cewa yake wai shi ya fara.

Bara waccan, da bazara ta kusa, direktanmu ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya miƙa mini takarda. Wata ƙungiya mai aikin dashen itace, tare da ma'aikatan daji, za su yi gasa tsakanin kolejojin yankin Magariya da Dungas. Kowace makaranta ɗalibi uku. Za a ba su ganye, da 'ya'ya, da guntayen itace, su faɗi sunan kowanne da Hausa da na Latin da amfaninsa. Na ce wannan ai ruwa ya ƙare wa ɗan kada, tunda ni ne malamin fannin ba ni da mafita. Na zaɓi Ubaidullah da Zulai da wata yarinya mai shegen baki ana ce mata Hindatu. Na ɗauko littafi mai hotuna, muka yi mako biyu muna haddar Latin a cikin aji.

Ranar da muka fita daji don gwaji na sha kunya ta farko. Na tsaya gaban wata bishiya mai ƙaya, ba 'ya'ya a jikinta, na gyara murya na ce magarya ce. Hindatu ta tsinki ganye ta juya bayansa.

"Malam, kurna ce fa. Magarya bayan ganyenta fari ne, da ɗan gashi-gashi."

"Wa ya gaya miki?"

"Baba Wada, ran da na je karɓo wa innata muciya." Ta dube ni ba ko tsoro. "Malam, mu je wajensa mana. Ga rijiya a gidanku kuna ta ba mu tayammum."

Na so in kwaɗa mata mari, wallahi, amma gaskiya ta faɗa. Kwana uku ina juya abin. Daga baya na bi ta wajen Gwaggo Ɗela, don ni da Baba ba ma doguwar magana. Washegari na je gaishe shi a rumfarsa da ke bayan gida, ƙarƙashin wata cediya. Bai dube ni ba. Ya ci gaba da sara, ya ce wa turmin, "In yaran za su zo, su zo bayan la'asar. Kowa ya taho da ɗankwali."

Ɗankwalin na ɗaure ido ne. Ranar farko ya jawo wani tsohon buhu cike da guntayen itace da ɓawo, ya zazzage a tabarma, ya sa yaran suka rufe idanunsu. Ya ce, "Ganye riga ce, rani na zuwa ya tuɓe ta. Wanda ya san mutum da riga kawai bai san shi ba." Ya sa wa Ubaidullah wani ɓawo a hannu ya ce ya tauna. Yaro ya tauna, ya zabura yana tofarwa yana kakari, 'yan matan suna ta ƙyaƙyata dariya. Baba ya ce, "Maɗaci ke nan, Ubaidullah. Har ka mutu ba za ka manta shi ba." Ya jiƙa ɓawon aduwa ya murza ya yi kumfa. Ya kankare dashi da farce ya kai musu hanci. Ya sa su ɗaga guntun danya da na kirya masu girma ɗaya su ji bambancin nauyi, su ƙwanƙwasa su ji wanda ke amsawa da ƙarfi da wanda ke amsawa a dushe. Bagaruwa da marke duk suna da bauri, amma ya nuna musu yadda ɗaya ke kama harshe fiye da ɗaya.

Wata guda muna haka. Wata rana a rumfa, wata rana a gonarsa, yana gaba da sanda, su uku a bayansa, ni can a ƙarshe da kaye, littafin rubutu, a hannu. Aikina kawai in liƙa wa kowane itace sunansa na Latin, kamar mai buga tambari a buhun da wani ya cika. Na ga Baban da ban sani ba. Yana tsokanar Hindatu yana ce mata Uwar Baki, yana dariya har ana ganin wawulonsa. Sunayensu kuwa sau ashirin yake kira a yini. Ina ƙaton malami da furfura a gemu, ina kishin 'yan aji uku.

Ana saura kwana goma na karanta wa yaran dokokin gasar a nan rumfar. A ƙarshen takardar an rubuta cewa makarantar da ta yi nasara, za a kira wanda ya horar da ɗalibanta a gaban jama'a, a faɗi sunansa, a ba shi takardar yabo. Ina karantawa na ji gizagon ya tsaya. Can Baba ya shafa bakin turmin ya ce, "A gaban jama'a, aka ce. A Magariya." Ya ci gaba da aikinsa.

Kwana biyu bayan nan na ga babbar rigarsa ta shuni a shanye, wadda rabonta da fitowa daga adaka tun auren ƙanwata. Gwaggo Ɗela ta tare ni a zaure.

"Ka ga riga?"

"Na gani, Gwaggo."

"To zai je. Shekara talatin da shida bai je ba, yanzu zai je. Ka san abin da zai kai shi. Ba takardarsu ta dame shi ba, ai ba karatu ya iya ba. So yake a garin da aka yi masa ihu a ji an ce Wada Mai Gizago, a gaban sarakunan daji, ya tashi ya je da ƙafarsa ba a jansa da igiya. Ka ji ko?"

Na ce, "Haba Gwaggo, ai haƙƙinsa ne. In Allah ya ba mu nasara da bakina zan faɗa." Allah shi ne shaidata, har cikin zuciyata na faɗi haka.

Ranar gasa ni da direkta da yaran muka shiga motar haya. Baba ba zai zauna mota ɗaya da ni ana matsatsi ba, sai ya hau kabu-kabu ya biyo baya. A filin wata makaranta aka yi taron. An kafa rumfuna, an jera kujeru, wakilin farfe, wato shugaban gunduma, da manyan gari a gaba, mu malamai a bayansu. Baba bai nufo rumfa ba. Ya je can jikin katanga, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro inda mata masu tallan gyaɗa suke, ya tattare rigarsa ya zauna a kan tushen. Daga inda nake ina hango shuninta yana ƙyalli.

Zagayen ganye da na 'ya'ya kusan kowa ya yi ƙoƙari. Da aka zo na guntayen itace, aka jera su a tebur ba ganye ba komai, nan aka fara raba gari. 'Yan sauran makarantu suna jujjuyawa suna kallo, suna canka. Namu kuwa suka ɗauka suka kai hanci, suka kankara da farce, suka ɗora a harshe. Fili ya ɗauki dariya. Wani malami da muka yi karatu tare a Damagaram, yana zaune kusa da ni, ya taɓo ni ya ce, "Rabilu, ɗalibai kuka kawo ko awaki?" Na yi yaƙe. Amma duk wanda suka lasa sai su faɗi sunansa daidai, dariyar ta fara raguwa.

Ana cikin haka wani tsohon alhaji mai shago a kasuwa, yana zaune a layin da ke gabana, ya kare rana da hannu ya ƙura ido wajen katanga. Sai ya bugi cinyar na kusa da shi.

"Kai! Wancan mai shunin ba Mai Gungume ba ne? Wallahi shi ne! Ashe yana nan da rai?"

Ya shiga ba da labarin da ƙarfi, har da kwatanta yadda Baba yake tafiya a duƙe da gungumen. Ya ce, "Yau ɓarawon itace ne ya zo kallon bikin itace." Na kusa da shi suka kwashe da dariya, malamai ma suka taya, duk suka waiwaya suna leƙen Baba. Abokin karatun nan nawa ya ce, "Kamar daga wajenku yake, ko?" Na sunkuya na buɗe jakata ina ta neman abin da ban ajiye ba. Na rantse muku, a wannan lokacin warin buhunan gyaɗar nan na ji a hancina.

Aka ƙare zagaye, mu da wata makarantar cikin gari muka yi kunnen doki. Shugaban ma'aikatan dajin, wani matashi mai natsuwa, ya ciro guntu ɗaya daga aljihu don raba gardama. An fere ɓawon tas, sai jan itace mai duhu. Yaron cikin gari ya duba ya ce maɗaci. Aka miƙa wa Hindatu. Ta auna shi a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa a gefen tebur, ta rufe ido ta ɗora a harshe. Ta ce, "Ba ɗaci. Kirya ce. Prosopis africana. Ana turmi da ita, maƙera na son gawayinta, gara ba ta cinta."

Fili ya kaure da tafi. Direktanmu ya rungume ni har biro ɗaya ya faɗi. Aka kira ni gaba tare da yaran. Shugaban ya riƙe lasifika, fuskarsa cike da murna ya ce, "Malam, shekarata goma a aikin nan ban ga yara sun san itace haka ba. Wannan ba a littafi ake samunsa ba. Wa ya koya musu? Faɗi sunansa a rubuta, in yana nan ya fito."

Ya miƙo mini lasifikar. Na hango Baba. Ya dafa sandarsa ya fara miƙewa, yana gyara zaman hularsa da ɗaya hannun. Na ga alhajin nan a layin gaba, bakinsa a buɗe da sauran dariya. Na ga malamai 'yan'uwana. Na ga yadda za su juya gaba ɗaya su bi Baba da ido tun daga katanga har tebur, su dawo su dube ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙoƙarin makaranta ne. Mun yi ta bitar littattafai. Sai kuma ɗan abin da yara suka tsinta wajen tsofaffin ƙauye."

Haka na faɗa, da lasifika, har bangon makarantar ya maimaita. Tir da ni. Baba yana tsakanin zama da tsayuwa. Ya ɗan tsaya a haka, sannan ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya koma ya zauna a kan tushen. Hindatu ta buɗe baki, na zare mata ido irin na aji, ta yi shiru. Kallon da yarinyar nan ta yi mini har yau ina ganinsa. Shugaban ya ce to madalla, ya tambayi sunana, aka rubuta a takardar yabo da babban baƙi, wakilin farfe ya miƙa mini aka ɗauki hoto. Magana zarar bunu ce, na riga na zare.

A tasha muka sake haɗuwa. Baba yana tsaye yana jiran ɗan kabu-kabunsa, yaran sun kewaye shi, Zulai tana kuka. Direktanmu, wanda ya san komai, ya kasa haƙuri. Ya ce, "Haba Malam Rabilu! Haba! Dattijon nan yana zaune kana kallonsa?" Wasu 'yan garinmu da suka zo cin kasuwa suka matso suna tambayar me ya faru. Na tsaya da takardar a hannu, na rasa inda zan sa ta.

Baba ne ya amsa, kuma direkta ya duba, ba ni ba.

"A'a, Malam, kada ka ga laifinsa. Ɗan fari ne. Ina ka taɓa ganin ɗa ya kama sunan ubansa a bainar jama'a, har da lasifika? Da ya faɗa ai da ni ya ba kunya. Tarbiyya ce."

'Yan garinmu suka gyaɗa kai, suka ce gaskiya ne, yaro ya san ya kamata. Wani ma har ya sa mini albarka. Ni da Baba da Hindatu mun san ba sai na kama suna ba. Da na ce "mahaifina ne, ga shi can," da ya wadatar. Mutumin da na ɓoye a gaban jama'a, shi ya tuɓe rigarsa ya rufa mini asiri a gaban jama'a. Da ya zage ni a tashar nan, ko ya ɗaga sandar ya sauke mini, da na samu sauƙi.

Washegari da hantsi na je gaishe shi kamar kullum. Rigar shunin tana ninke a kan wani kututture, Gwaggo za ta mayar adaka. Yana zaune da wani sabon gungume tsakanin ƙafafunsa. Na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana." Ina jira in ji abin da zai gaya wa turmin, don na san ta nan hukuncina zai fito.

Ya ajiye gizagon. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Lafiya lau, Rabilu. Ka tashi lafiya? Ya gajiyar hanya?"

Babu faɗa a muryarsa, babu gatse. Yadda yake gaida mai sayen taɓarya haka ya gaishe ni. Sunan da na yi shekara arba'in ina son in ji a bakinsa, ga shi na ji. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Me ka yi mini, Rabilu? Yara sun ci gasa, alhamdu lillahi." Ya ɗauki gizagonsa.

Gwaggo Ɗela tana bakin ƙofa, ta ji komai. Da na zo wucewa ba ta dungure mini kai ba, ba ta ce sakarai ba. Ta matsa gefe kawai ta ba ni hanya.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, kada ku ce ban yi ba. Bayan mako guda na koma Magariya, na sami shugaban nan a bironsa, na gaya masa gaskiya tun daga kan gungumen. Mutumin kirki ne. Ya hau moto ya zo har ƙauyenmu, ya zaga gonar Baba yana riƙe baki, ya tsaya gaban kiryoyin nan ya daɗe. Ya ce zai sa a sake takarda da sunan Wada. Baba ya sa aka kawo masa fura, ya raka shi har bakin hanya, ya ce, "Ba sai an wahalar da takarda ba, ɗana. Taro ya riga ya watse." Ihu bayan hari ke nan. Takardar tawa tana ƙarƙashin katifa, ban taɓa rataye ta ba.

Hindatu yanzu tana lise, babbar sakandare, a Damagaram, ta ce aikin daji za ta karanta. In ta zo hutu rumfar Baba take fara zuwa. Tana gaishe ni da ladabi, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa iya haɗa ido da ita ba. Sababbin ɗalibai kuwa duk bayan la'asar suna can da ɗankwalayensu, ni da kaina nake kai su, kuma ranar farko nake gaya musu, "Wannan mahaifina ne, shi ya san itace, ni Latin kawai na iya." Baba yana ji, sai ya ci gaba da sararsa.

Shekara biyu ke nan. Idonsa ya fara rauni, amma hannu da hanci suna nan. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa, wani lokaci da gangan nake zuwa ban karya ba, in daɗe a zaune ina kallon turmin da ke gabansa, ko Allah zai sa ya gaya masa wani ya fito da yunwa. Yau ma na je. Ya ji takuna, ya ɗago kai ya ce, "Rabilu ne? Shigo mana, Rabilu."